Yadda Ake Nazarin Alƙiblar Bincike Kan Furobayotik da Ƙwayoyin Halittar Hanji, Mataki-Mataki

Ɗaliban digiri na biyu da na uku a sassan nazarin ƙananan halittu, kimiyyar abinci da haɗa magunguna sun yawaita tambaya ɗaya: ta yaya ake tattara dubban maƙalun da aka wallafa kan furobayotik da ƙwayoyin halittar hanji, a ƙirga su, a gano inda bincike ya dosa da kuma waɗanda ake yawan ambaton aikinsu? Wasu mai duba aikinsu ne ya ce su fara da wannan kafin su shiga ɗakin gwaji, wasu kuma so suke su fitar da maƙala daga ciki. Ga yadda ake yi bi da bi. Tun yanzu ka sani cewa taswirar nan mai launi-launi da ake gani a ƙarshe ita ce mafi sauƙi a cikin aikin. Wahalar tana wurin nemo maƙalun da tsabtace su, kuma a nan ne aiki yake gyaruwa ko ya lalace.

1. Tsayar da tambaya da iyakarta

Kada ka buɗe kwamfuta kafin ka rubuta tambayarka a takarda cikin jimla ɗaya. "Bincike kan furobayotik a duniya" ba tambaya ba ce. Maƙalun sun yi yawa, kuma an riga an yi irin wannan nazari sau da dama. Ka ƙuntata ta ta fuska uku: wanda ake nazarta, matsalar da ake dubawa, da shekarun da za ka ɗauka. Misali: furobayotik da gudawar yara 'yan ƙasa da shekara biyar, daga 2001 zuwa shekarar da ta gabata. Ko ƙwayoyin da ake tsamowa daga abincin da ake tsimawa a Afirka ta Yamma, irin su nono, kindirmo, kunun zaki da daddawa.

Shekarar farawa ma tana buƙatar hujja. A 2001 ne kwamitin masana na FAO da WHO ya fitar da ma'anar furobayotik da ake aiki da ita, wato rayayyun ƙananan halittu waɗanda idan aka ba da su daidai gwargwado suke amfanar lafiyar wanda ya sha. Ƙungiyar ISAPP, ta masana furobayotik na duniya, ta sake tabbatar da ma'anar da ɗan gyara a 2014. Idan kuma hankalinka ya fi karkata ga al'ummar ƙwayoyin hanji baki ɗaya, 2007 ta fi dacewa, shekarar da hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta ƙaddamar da Human Microbiome Project, shirin nazarin ƙwayoyin da ke rayuwa a jikin ɗan Adam.

Gargaɗi: ka yanke shawara tun yanzu ko za ka haɗa da dabbobi. Akwai tarin maƙalu kan kaji, aladu, kifi da jatan lande, musamman bayan da Tarayyar Turai ta hana amfani da maganin kashe ƙwayoyin cuta don ƙara wa dabbobi girma a 2006. Idan lafiyar ɗan Adam kake nazari kuma ba ka ware su ba, za su cika maka taswira.

2. Zaɓi rumbun da za ka ɗebo bayanai

Scopus na kamfanin Elsevier da Web of Science na Clarivate su ne aka fi amfani da su, domin suna ba da jerin ayyukan da kowace maƙala ta ambata. Dukansu na kuɗi ne, kuma jami'a ce take biya, ba ɗalibi ba. Ka je ɗakin karatu ka tambayi jami'in da ke kula da sashen intanet ko makarantarku tana da rajista, ko tana cikin shirin Research4Life, wanda ke sauƙaƙa wa cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi samun mujallu da rumbunan bincike. Idan babu, abokin aiki a wata jami'ar da ke da rajista zai iya sauke maka, amma kai za ka rubuta masa kalmomin nema.

Akwai na kyauta. PubMed yana da kyau ƙwarai a fannin lafiya, sai dai fayil ɗinsa ba ya zuwa da jerin ambato, don haka zai ba ka nazarin kalmomi da na marubuta kawai. OpenAlex, wanda aka buɗe a 2022, bayanansa kyauta ne kuma sun haɗa da na ambato. Dimensions da Lens su ma suna da ɓangaren da ba a biya.

Shawarata ga wanda zai fara: ka riƙe rumbu ɗaya. Haɗa Scopus da Web of Science yana yiwuwa, amma kowannensu yana rubuta sunayen marubuta da jerin ambato da salonsa, kuma daidaita su aiki ne ja.

Gargaɗi: Google Scholar ba rumbun wannan aiki ba ne. Ba ya nuna sakamako fiye da 1,000 a nema ɗaya, yana haɗa kundayen digiri da takardun taro, kuma adadin ambatonsa ya fi na sauran kumbura. Ka bar shi don duba mutum ɗaya ko maƙala ɗaya.

3. Gina kalmomin nema

A nan zan daɗe, domin duk abin da bai shigo ta wannan ƙofa ba, ba zai taɓa bayyana a sakamakonka ba.

Ka yi nemanka layi-layi a cikin take, tsakure da muhimman kalmomi, sannan ka haɗa layukan ta tarihin nema. Layi na farko:

probiotic* OR synbiotic*

Layi na biyu:

"gut microbio*" OR "intestinal microbio*" OR "gut flora" OR "intestinal flora" OR microflora

Sai ka haɗa na farko da na biyu da AND. Alamar tauraro tana kamo duk ƙarshen da kalma za ta iya ɗauka, don haka microbio* zai kawo microbiota da microbiome a lokaci guda. Kalmomin flora da microflora tsofaffi ne, amma da su aka yi ta rubutu a shekarun 1990 da farkon 2000. Wanda ya bar su zai ga kamar fannin bai wanzu ba sai bayan 2010.

Babban tarkon wannan fanni shi ne canjin sunaye. A 2020 Zheng da abokan aikinsa suka wallafa sabon tsari a mujallar International Journal of Systematic and Evolutionary Microbiology, inda aka raba dangin Lactobacillus zuwa dangi 25, guda 23 daga ciki sababbi. Lactobacillus plantarum ya koma Lactiplantibacillus plantarum, Lactobacillus rhamnosus ya koma Lacticaseibacillus rhamnosus, reuteri da fermentum suka shiga Limosilactobacillus. Idan ka nemi tsohon suna kaɗai, jadawalinka zai nuna kamar bincike kan waɗannan ƙwayoyi ya ja baya bayan 2020, alhali suna ne kawai ya sauya. Ka sa tsoho da sabo duka. Haka Clostridium difficile, wanda ya koma Clostridioides difficile a 2016.

Ka kuma yanke hukunci kan makusantan kalmomi. Prebiotic ba rayayyiyar halitta ba ce, abincin ƙwayoyin ne, kuma Gibson da Roberfroid ne suka gabatar da kalmar a 1995. Synbiotic da ke layin farko haɗin furobayotik ne da prebiotic. Postbiotic kuwa, wanda ISAPP ta fayyace ma'anarsa a 2021, ya shafi ƙwayoyin da ba su da rai. Ko ka sa su ko ka bar su, ka rubuta dalili.

Gargaɗi: kalmar prebiotic tana da wata ma'ana dabam a kimiyyar sinadarai, inda ake nufin yanayin duniya kafin samuwar rai. Idan ka neme ta ita kaɗai, za ka tsinci maƙalun asalin rayuwa a cikin kayanka.

Gargaɗi na biyu ga masu nazarin yankinmu: kada ka nemi ƙasa a cikin take ko tsakure. Rubuta Niger a can zai kwaso maka Aspergillus niger, wani nau'in funfuna, da Neja Delta, da jihar Neja. Ka yi amfani da gurbin ƙasar da cibiyar marubuci take.

A PubMed za ka iya amfani da kalmomin MeSH, tsayayyun kalmomin da rumbun ke liƙa wa maƙalu bisa batunsu, a nan Probiotics da Gastrointestinal Microbiome. Ka lura cewa ta biyun a 2016 aka shigar da ita, don haka ka haɗa da kalmomi na gama-gari don kamo tsofaffin maƙalu.

4. Gwada neman kafin ka amince da shi

Ka rubuta maƙalu goma zuwa ashirin da ka tabbata dole su fito a ƙarƙashin tambayarka. Idan kan jarirai kake aiki, gwajin da Panigrahi da abokansa suka yi a karkarar Indiya, wanda ya fito a Nature a 2017, ya kamata ya bayyana. Idan bai fito ba, ka duba kalmar da ta kuɓuce maka. Daga nan ka karanta taken maƙalu ɗari na farko da wasu ɗari daga tsakiya. In ka ga fiye da goma a cikin ɗari ba su da alaƙa da batunka, ka ƙara matse neman.

Da ka gamsu, ka kwafe kalmomin neman yadda suke, harafi da harafi, tare da ranar da ka yi da adadin da ya fito. Rumbunan nan kullum ƙaruwa suke, kuma masu tantance maƙala za su tambaye ka.

5. Tace, sannan ka sauke

Ka taƙaita zuwa maƙalun bincike da maƙalun bita. Ka cire gyare-gyaren kuskure, wasiƙu da tsakuren taro. Ka cire shekarar da ake ciki, domin ba ta cika ba, kuma za ta sa layin jadawalinka ya faɗi a ƙarshe ba gaira ba dalili.

A Web of Science ka zaɓi cikakken bayani tare da jerin ambato, a tsarin rubutu zalla. Guda 500 yake bayarwa a lokaci ɗaya, don haka maƙala 4,000 sauka takwas ke nan. Ka raɗa wa kowane fayil suna da lambobinsa don kada ka tsallake ko ka maimaita. A Scopus ka zaɓi CSV, ka tabbata ka sa alama a gurbin jerin ambato, domin ba ya zuwa da kansa. Ka gama saukewa a rana ɗaya, a inda wuta da intanet suke da tabbas.

Gargaɗi: kada ka buɗe ainihin fayil ɗin a Excel ka adana shi. Gurbi ɗaya a Excel ba ya ɗaukar haruffa fiye da 32,767, kuma maƙalar bita mai ambato ɗari uku tana iya wuce haka, sai ya datse jerin ba tare da ya sanar da kai ba. Ka ajiye na asali a gefe, ka yi aiki da kwafi.

6. Tsabtace bayanan

Wannan mataki ne mutane suka fi tsallakewa, kuma da an kalli taswira ake gane wanda ya tsallake shi. Za ka ga probiotic a da'ira ɗaya, probiotics a wata, gut microbiota nan, intestinal microbiota can, SCFA da short-chain fatty acids a rabe kamar ba abu ɗaya ba ne.

Maganinsa a VOSviewer, manhajar zana taswirar, shi ne fayil ɗin daidaita kalmomi. Fayil ne na rubutu mai ginshiƙi biyu: na farko kansa label, na biyu replace by. A hagu ka sa kalmar da ke cikin bayanan, a dama ka sa wadda kake so ta maye gurbinta. Idan ka bar dama babu komai, za a share kalmar. Ta haka ake kawar da kalmomin da ba sa faɗin komai, irin su article, human, male, female da controlled study, waɗanda Scopus yake liƙa wa kusan kowace maƙala. Don haka ma na fi son a yi aiki da kalmomin da marubuta suka zaɓa da kansu.

Sunayen mutane sun fi wuya. Ƙasar Sin tana cikin manyan masu wallafa a wannan fanni, kuma "Wang Y." ko "Zhang H." na iya zama mutum hamsin da aka cure wuri ɗaya, har ya fito a matsayin wanda ya fi kowa rubutu. Namu sunayen kuma akasin haka suke yi: mutum ɗaya yakan rabu uku, Muhammad a wannan maƙala, Mohammed a waccan, wani lokaci sunan garinsu ya zama sunan ƙarshe. Ka duba mutum ashirin na sama ɗaya bayan ɗaya, ta lambar marubuci ta Scopus ko ta ORCID, lambar shaidar mai bincike. Haka za ka yi wa jami'o'i, domin jami'a ɗaya takan fito da rubutu iri uku ko huɗu.

Daga ƙarshe ka cire maƙalun da aka janye. Tun 2023 rumbun Retraction Watch, mai tara jerin maƙalun da aka janye, ya zama kyauta ta hanyar Crossref, ƙungiyar da ke rajistar maƙalu. Ka gwada lambobin DOI ɗinka, wato lambobin shaidar maƙalunka, da shi. A shekarar ce aka janye dubban maƙalu daga mujallun kamfanin Hindawi, kuma da yawansu na fannin lafiya ne.

7. Ƙirga da zana taswira

Manhajoji biyu sun wadatar, kuma duk kyauta ne. VOSviewer, wanda van Eck da Waltman na Jami'ar Leiden suka ƙirƙira, shi ne na taswira, kuma yana buƙatar Java a kwamfutarka. Bibliometrix na Aria da Cuccurullo yana aiki a cikin manhajar lissafi ta R, amma idan ka kira ɓangarensa mai suna Biblioshiny zai buɗe a burauza, sai dai ka yi ta latsawa ba tare da rubuta umarni ba. CiteSpace na Chaomei Chen ya ƙware wajen nuna kalmomin da suka yi tashe kwatsam, sai dai koyonsa ya fi cin lokaci. Kwamfuta mai RAM 8GB za ta ɗauki maƙalu 'yan dubbai.

Ka fara da Biblioshiny don adadin maƙalu a kowace shekara, manyan mujallu, ƙasashe da cibiyoyi. Sannan ka koma VOSviewer don taswirar kalmomin da ke fitowa tare. Ka ɗaga ko ka sauke mafi ƙarancin adadin fitowar kalma har sai ka samu kalmomi tsakanin 50 da 100. Fiye da haka ba ya karantuwa. Taswirar da ke sa launi bisa shekara ita ce ke nuna alƙibla: a nan za ka duba ko hankali ya tashi daga gudawa da madarar da aka tsima zuwa ƙiba, ciwon sukari, alaƙar hanji da ƙwaƙwalwa, dashen bayan gida (sanya ƙwayoyin bayan gidan mai lafiya a hanjin majiyyaci), ko sababbin ƙwayoyi irin su Akkermansia muciniphila, wadda aka fara bayyanawa a 2004.

Gargaɗi: wajen ƙirga ƙasashe akwai cikakken ƙidaya da ƙidayar kaso. Maƙala mai marubuta tara daga Holan da ɗaya daga Ghana, cikakken ƙidaya zai ba kowace ƙasa maki ɗaya, ƙidayar kaso kuwa za ta raba maki ɗaya ne tsakaninsu. Ka faɗi wanda ka bi. Idan Afirka kake nazari, ka ƙara duba ƙasar marubucin farko da ta marubucin da ake tuntuɓa, domin ta nan ake gane wanda ya jagoranci aiki da wanda ya tattara samfuri kawai.

8. Auna tasiri da hankali

Ambato yana nuna an lura da aiki, ba ya nuna aikin ya yi daidai ko sakamakonsa ya goyi bayan furobayotik. Gwajin PROPATRIA da aka yi a Holan, wanda ya fito a Lancet a 2008, ana yawan ambatonsa, kuma abin da ya gano shi ne mace-mace sun fi yawa a cikin masu matsanancin kumburin fankiriyas, gaɓar ciki mai samar da insulin, da aka ba furobayotik. Gwaje-gwaje biyu da New England Journal of Medicine ta wallafa a 2018 su ma ba su ga amfanin furobayotik ga yara masu gudawa da amai ba. Saboda haka ka karanta maƙalu ashirin da suka fi samun ambato da idonka, ka rubuta abin da kowacce ta gano.

Ka raba maƙalun bita da na bincike a jadawali biyu. Na bita da takardun matsaya, kamar ta Hill da abokansa ta 2014, kusan kowa yana ambatonsu a sakin layi na farko don kawo ma'ana, don haka sukan mamaye saman jeri. Ka kuma raba adadin ambato da shekarun maƙala, in ba haka ba tsofaffi ne kullum za su yi nasara. Idan maƙalunka suna PubMed, iCite na NIH kyauta ne, kuma yana kwatanta kowace maƙala da takwarorinta.

Ma'aunin h, wanda Hirsch ya gabatar a 2005 don auna mai bincike ta yawan maƙalunsa da yawan ambatonsu, yana fifita wanda ya daɗe a fage. Impact Factor na Clarivate yana duba ambaton maƙalun shekara biyu, CiteScore na Scopus yana duba huɗu, kuma dukansu ma'aunin mujalla ne. Kada ka ce maƙala tana da inganci don kawai ta fito a mujallar Gut ko Microbiome ko Gut Microbes. Wannan shi ne abin da sanarwar DORA ta 2012, kan yadda ya kamata a auna ingancin bincike, ta yi kashedi a kai.

9. Faɗi abin da taswirar ba ta nuna ba

Idan Najeriya ko Nijar suka fito da ɗan ƙaramin ɗigo, kada ka yi saurin cewa ba a bincike. Mujallun gida da yawa, ciki har da waɗanda ke African Journals Online (AJOL), ba sa cikin Scopus ko Web of Science, haka ma kundayen digiri da ayyukan da aka rubuta da Faransanci. Ka shiga AJOL ka yi nema da hannu, ka ba da rahotonsa a sashe na dabam.

Amma giɓin ma gaskiya ne, kuma ya dame ni. Abdill da abokansa sun nuna a PLOS Biology a 2022 cewa fiye da kashi 71 cikin ɗari na samfuran ƙwayoyin jikin ɗan Adam da ke rumbunan jama'a, waɗanda aka san asalinsu, daga Turai, Amurka da Kanada suke. Alhali tun 2010 De Filippo da abokan aikinta suka nuna cewa hanjin yaran wani ƙauye a Burkina Faso, masu cin gero da dawa, ya sha bamban da na yaran Italiya. Idan ka ware maƙalun yankinmu, ka ƙirga nawa ne suka tsaya a gwajin kwalba, wato juriyar ƙwaya ga tsami da ruwan matsarmama, nawa suka kai ga ɓeraye, nawa suka kai ga mutane. Wannan jadawali ɗaya ya fi taswira goma amfani ga ɗalibin da ke neman batun bincike.

10. Kuɗi, lokaci da inda za ka aika

Manhajojin ba sa cin ko kwabo. Abin da za ka kashe shi ne kuɗin data da na zirga-zirga zuwa ɗakin karatu. Ka ware makonni, ba kwanaki ba, kuma fiye da rabinsu za su tafi a mataki na 3 da na 6.

Kuɗin gaske yana wurin wallafawa. Manyan mujallun da ake karantawa kyauta sukan caji marubuci dala dubu biyu, uku, wasu fiye. Ka nemi rangwame tun lokacin miƙa maƙala, ba bayan an karɓa ba. Mujallun da ke da tsarin rajista, kamar Probiotics and Antimicrobial Proteins ta Springer, suna barin marubuci ya wallafa ba tare da biya ba idan bai zaɓi buɗe maƙalar ga kowa ba. Ka duba ko mujallar ta taɓa wallafa irin wannan nazari, domin editoci da yawa sun gaji da maƙalun da ba su wuce jerin manyan ƙasashe goma da hotunan VOSviewer ba.

Gargaɗi: kafin ka biya kowa, ka tabbatar da sunan mujallar da lambar shaidarta ta ISSN a jerin Scopus, ko Master Journal List na Clarivate, ko DOAJ, jerin mujallun da ake karantawa kyauta, kuma ka shiga shafinta ta mahaɗin da ke can. Akwai 'yan damfara da ke kwaikwayon shafin mujallar gaske, kuma Retraction Watch yana da jerin irin waɗannan.

Tare da maƙalar ka haɗa cikakkun kalmomin nema, ranar nema, zanen da ke nuna adadin da aka samu da wanda aka cire a kowane mataki, da fayil ɗin daidaita kalmomi. Ka ɗora su a rumbun Zenodo ko na OSF, waɗanda ke ba da lambar DOI kyauta. Ainihin fayilolin Scopus da Web of Science kuwa lasisinsu yana taƙaita rabawa a fili, don haka jerin lambobin DOI na maƙalun da ka yi aiki da su za ka ɗora a madadinsu.